Mai Wankin Hanji a Bakin Kanal

Ni gurgu ne, kuma gara a ji haka daga bakina tun da wuri, kafin wani mai kirki ya zo ya laƙaba mini suna mai laushi don kada raina ya ɓaci. Raina ba ya ɓaci. Shan inna ya kama ni ina ɗan shekara uku, ya kwashe ƙafafu biyu ya yi gaba, ya bar mini kafaɗu da hannuwa da baki, kuma duk wanda ya san ni zai shaida ban bar ko ɗayansu ya zauna banza ba. A Talata Mafara aka haife ni, a unguwar mahauta, ni ne auta a bayan maza uku. Yayyena ukun nan dogaye ne kamar da gayya aka yi su, sai sun sunkuya suke shiga zaure. Ni kuwa daga ƙasa na san duniya. Na san mutanen garinmu da dugadugansu kafin in san fuskokinsu, har ina cika baki cewa in na ga fason mutum zan iya faɗin ko yana da rowa.

A gidanmu kowa da aikinsa. Baba shi ke zuwa kara ya zaɓo dabba, ya latsa nan ya latsa can, ya ce wannan ta yi. Yayyena su ke hurawa da fiɗa. Wanda bai tashi cikin mahauta ba, bari in gaya masa yadda ake hurawa. In an yanka akuya ko tunkiya, sai a ɗan tsaga fatar ƙafar baya, a kafa baki a wurin, a yi ta busa iska har dabbar ta kumbura ta yi tam, fata ta saki nama, wuƙa ta wuce ba gardama. Aiki ne na masu ƙirji, kuma da shi mahautan unguwarmu suke tinƙaho. An ce Baba yana saurayi numfashi bakwai yake yi wa rago ya tashi. Babban yayana yana yi a tara, kullum yana fatan wata rana ya kamo shi.

Ni aka bar wa wankin kayan ciki, can bayan mahauta, gindin rijiya, inda ƙudaje suka fi mutane yawa. Tumbi da hanji, safe bayan safe. Ba wanda ya koya mini, hanjin ne ya koya mini da kansa. Ka cika shi da ruwa, ka toshe bakinsa da hannu, ka kai bakin ƙasa sosai, sannan ka saki, sai ruwa ya bi ya wanke komai ya fita. In ka bar iska ta shiga tsakani, ruwan ya tsaya ya yi maka taurin kai. In ka saki bakin yana sama, ya dawo maka a fuska tare da duk abin da akuyar ta ci jiya. Sau ɗaya wannan yake samun mutum ya haddace karatun. Haka muka tashi a gida ɗaya, yayyena suna son iska, ni ina gaba da ita.

In zan shiga gari ina da wata tsohuwar jaka, macen jaki, da kawuna na Bakura ya ba ni bayan ta gaji da ɗaukar itace. Na koya mata tsayawa jikin dakali in hau, ita kuma ta koya mini cewa ba za a tafi ba sai ta ga dama. In na sauka, ina da takalman hannu na katako da faci na tsohuwar taya a gwiwa. Da waɗannan na kai ko'ina, har inda ba a gayyace ni ba.

Sai shekarun madatsar Bakolori suka zo. Manyan motoci suka cika hanya, baƙi suka cika gari, tsiren yayyena ya riƙa ƙarewa tun kafin la'asar. Amma gonarmu da ke kan hanyar Bakura an shiga da katafila an baje ta tare da ta kowa, har tsamiyar da muke gane iyaka da ita aka tuge. Mun yi damina ba mu shuka ba. Mutanen wajen Maradun kuwa ruwa ya ci gonaki da gidajen wasunsu, kuma akwai kukan da aka yi a shekarun nan wanda ba shi zan ba da yau ba, ko da yake ban manta ba. Daga baya aka dawo wa mutane da filaye, an yanka su murabba'i, kanal na siminti ya ratsa ta gefensu, aka ce daga yanzu har da rani za a yi noma, kuma alkama za a fara shukawa.

Wata safiya malamin gona ya zo zaurenmu da littafi a hammata. Saurayi ne mai hular kaki, Hausarsa ta Kano, yana bin gida-gida yana rubuta waɗanda za su yi aiki a kowane fili. Ina zaune bakin ƙofa ina gyara igiyar jaka. Suka gaisa da Baba, aka tambayi kwana da gajiya da iyali da kasuwa da zafi, aka sake komawa kan gajiya, sannan ya buɗe littafi.

Ya ce, “Baba, 'ya'ya maza nawa ne za su shiga gona tare da kai?”

Baba ya ce, “Uku na.”

Malamin ya ɗago ya dube ni. “Wannan fa?”

“Wanga Auta na, Malam. Lalura garai. Hanji shika wankewa.”

Ba da mugunta ya faɗa ba. A hankali ya faɗa, har da ɗan tausayi a murya, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da zagina ya yi, da na san abin da zan yi da shi. Na zauna ina kallon alƙalami yana rubuta sunaye uku, aka ja layi a ƙasa, aka rufe littafi. Ina da shekara goma sha tara, ina ciyar da rabin unguwa da kayan ciki masu tsabta, amma a lissafin ubana ban kai mutum guda ba. Da na shiga gida Inna ta dubi fuskata, ta ce ta ji komai ta bayan zana. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai ƙara mini nama a miya. Ni kuwa tun daga ranar na ƙudure abu ɗaya a raina, ina so in ji Baba ya ce huɗu da bakinsa.

Da ruwa ya kusa zuwa, malamin gona ya tara manoma a bakin kanal don ya nuna musu yadda za a ɗebo shi. Ba jigo, ba guga, ba a kuma fasa kanal. Wasu bututun roba ne baƙaƙe, lanƙwasassu, tsawon hannu biyu, wai su za su tsallako da ruwa daga kanal zuwa cikin kunyoyi. Ba a gayyace ni ba, saboda haka na je. Na tarar da taro ya yi da'ira, manya da rawuna a gaba, dogaye a baya suna miƙa wuya. Na ɗaure jaka, na sa takalman hannu, na kutsa ta tsakanin ƙafafu, ina neman gafara daga gwiwoyin mutane, har na fito gaba.

Malamin ya durƙusa ya ba jama'a baya, ya yi wani abu da sauri, sai ga ruwa yana bulbulowa daga bututu yana bin kunya. Taro ya ɗauki salati. Ya sake yi, aka sake salati. Ya yi na uku, ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ce an gane? Kowa ya ce an gane, don ba dattijon da zai ce bai gane ba a gaban surukinsa. Gaskiyar magana, waɗanda ke tsaye ba abin da suka gani sai bayan malam da hularsa. Ni da nake ƙasa, fuskata kusa da gwiwar hannunsa, na ga komai. Ya nutsar da bututun duka cikin ruwa har kumfa ta ƙare, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya tsallako da shi, ya kai shi ƙasa, ya saki. Dariya ta kama ni har wani tsoho ya tsawata mini. Turawa sun haƙa madatsa, sun kawo katafila, sun zuba siminti tun daga Maradun, ashe duk don a zo a yi wankin hanji.

A hanyar komawa na gaya wa babban yayana. Ya dube ni daga can sama ya ce, “Kai dai Auta, komi hanji na gare ka.” Sauran biyun suka yi dariya, ni ma na taya su, na ja bakina na rufe.

Aka shuka alkama a busasshiyar ƙasa, aka raba bututu, aka ce ranar Laraba ruwan layinmu, daga safe zuwa la'asar. In an rufe ƙofar kanal sai wani mako, kafin nan tsuntsaye sun gama da irin. Layinmu kuwa kusan duk mahauta ne, don unguwa-unguwa aka yi rabon. Ranar ba a yi yanka ba. Baba ya ce in zauna gida in huta. Da hantsi ya yi Inna ta dama fura ta zuba a ƙwarya, ta ɗaure da tsumma, ta ce, “Auta, kai ma babanka. In kuma ka ga abin kallo, ka tsaya ka kalla da kyau, ka zaka ka ba ni labari.”

Tun daga nesa na fara jin wani sauti, bul-bul-bul, kamar ana dafa wake a babbar tukunya. Da na matso sai na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Mahautan unguwarmu ne jere a bakin kanal, kowa ya tsoma bakin bututu ɗaya a ruwa, ya kafa bakinsa a ɗayan, yana hurawa. Kumatu sun kumbura, jijiyoyin wuya sun tashi, idanu sun yi ja. Kanal yana ta tafasa da kumfa daga wannan kai zuwa wancan, gonaki kuwa ko ɗigo. Ba laifinsu ba ne. An ba mahauci abu mai rami an ce ya sa shi aiki, to me zai yi in ba hurawa ba? Baba yana tsakiya, ya tuɓe riga, yana ja da baya yana cika ƙirji kamar yadda yake yi wa ragon layya. Babban yayana yana ƙirga masa numfashi, ya kai goma sha huɗu.

Wani Bafulatani da ya zo wucewa da shanunsa ya tsaya, ya rataya hannuwa a sanda, ya daɗe yana kallo. Ya gaishe su da aiki cikin ladabi, sannan ya ce, “Ku gahwarce ni, in ya kumbura, ta wace ƙahwa za ku soma fiɗar shi?” Ba wanda ya amsa masa, don bakin kowa yana cikin bututu.

Yayana na biyu, wanda ake ganin ya fi su dabara, ya ce ai kuskure ake yi, ba hurawa ake ba, zuƙa ake. Ya zuƙa da ƙarfin da Allah ya ba shi. Ruwa ya zo kuwa, amma cikinsa ya shiga, tare da wani ɗan kwaɗo da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya faɗi yana tari, na ukun yana dukan bayansa, kwaɗon ya fito ya yi tsalle ya koma kanal lafiyarsa ƙalau. Ni ina kan jaka, na rungume ƙwaryar fura, ina dariyar da ba ta da sauti, hawaye na zuba. Aka aika a nemo malamin gona, aka ce ya yi wajen Bakura da babur, can ma ana nemansa.

Aka yi azahar a bakin gona. Rana ta karkata, ƙasa tana nan fari fat. Baba ya zauna a kan gaɓa, bututu a cinya, bai ko taɓa furar ba. Shekara biyu yana jiran gonar nan. Tausayinsa ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, wani ɗan daɗi ma ya kama ni, don na san abin da ke hannuna.

Na matsa na ce, “Baba, a ba ni in gwada.”

Babban yayana ya ce, “In ka hwaɗa ruwa wa ka tsamo ka?”

Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, “Ku ba shi, shi yi wasa.”

Na cire takalman hannu, na kwanta rub da ciki a kan gaɓa. Na nutsar da bututu, na toshe, na tsallako da shi, na saki. Ruwa ya ɗan yi tsartuwa ya koma. Garaje na yi, ban bar kumfa ta ƙare ba, ni da na shekara goma ina gaba da iska. Na ji an fara dariya a bayana, wani maƙwabci ya ce a bar yaro ya huta. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Na rufe ido na ce wa kaina, ba kanal ba ne, rijiya ce, kuma wannan hanjin bijimi ne. Na sake nutsarwa, na jira kumfa ta fita ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. Na ɗora tafin hannuna, wanda tafiya a ƙasa ta mayar faffaɗa mai kanta, ya rufe bakin ruf. Na tsallako da shi, na kai shi can ƙasa har bayan hannuna ya taɓa kunya, na saki.

Ruwa ya fito. Ya fito da kauri, ya ci gaba da fitowa, ya kama hanya cikin kunya yana tura busasshen ganye a gabansa. Wurin ya yi tsit, sai jakata ce ta ga lokacin ya dace ta yi kuka.

Ban jira kowa ya yi magana ba. Na ce a miƙo na biyu, na tayar da shi, na ja jiki gaba, na uku, na huɗu. Abin da ke wahalar da mai tsayi, ya sunkuya ya miƙe ya sake sunkuyawa, ni ko a jikina, don a inda aikin yake a nan nake zaune tun ina ɗan shekara uku. Kafin a ce haka gonarmu ta fara baƙi da danshi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi da rani tsaka. Sai na ji maƙwabcin da ya ce a bar yaro ya huta yana gyara murya. Ya ce wa Baba, “Don Allah in an ƙare, a ara muna Auta.”

Yayyena suka ce ai yanzu sun gane. Suka ɗauki bututu suka nutsar, suka toshe, amma da yake a tsaye suke, sai su saki tun yana daidai gwiwarsu, ruwa ya koma abinsa. Na ce musu ba a yi daga sama, sai an sauko. Suka durƙusa, bai isa ba. Na ce su kwanta. Suka dubi juna, suka dubi rana, suka kwanta. Haka muka bi layin mahauta kaf, ni a gaba ina tafiya da hannuwa, dogaye uku a bayana suna jan ciki cikin laka, ina yi musu tsawa kamar malamin allo, ina cewa wannan bai jira kumfa ba, wancan ya ɗaga hannu da wuri. Maƙwabta suka bi sahu, har da masu furfura. Bafulatanin nan ya dawo da shanunsa ya tarar da unguwa guda tana rarrafe. Ya tambaya ko lafiya, na ce masa lafiya lau, yau kowa gurgu ne, Laraba mai zuwa ma a zo da wuri. Ana rufe ƙofar kanal da la'asar ba gonar da ba ta sha ba. Baba shi kaɗai bai kwanta ba. Ya sa rigarsa, ya sha furar da ta riga ta tsinke, ya ce mu tafi gida.

Labari ya bazu. Mako bai zagayo ba aka fara sallama a zaurenmu ana neman gurgun gidan mahauta, har daga wajen Jangebe wani ya zo. Hannuwana biyu ne kawai, saboda haka na hau jaka na tafi wurin Sarkin Guragu, wani tsoho mai gyaran takalma a bakin kasuwa, mai baki kamar reza. Na gaya masa an samu aikin da Allah ya yanka daidai jikinmu. Ya saurara, ya ajiye basilla, ya ce, “Wato yanzu masu ƙahwa sun gano akwai abin da ad ƙasa ban da takalminsu.” Washegari ya turo mini mutanensa. A gindin rijiyar mahauta na buɗe makaranta, da tsohon bututu da kwatarniya. Cikinsu har da wata gurguwa mai sayar da ƙosai, wadda ta gane a gwaji na biyu, a na uku ta fara gyara mini riƙo. Na ji haushi ƙwarai, haushin da bai bar ni ba sai da na aure ta, amma wannan daga baya ne.

Ranakun ruwa suka zama mana kamar salla. Mu fito da safe a jere, wasu a jaki, wasu a amalanke, Sarki a gaba ya naɗa rawani. Makaɗin kalangun mahauta, wanda makaho ne, ya ce ba za a bar shi a baya ba. Yana tafe yana kiɗa, yana yi mini kirari da na ƙasa mai ganin hanyar ruwa, in mun isa kuma ya zauna a gaɓa ya kasa kunne, bututun da ya ɗauke shi ke fara ji, ya ce na biyar daga hagu ya yi shiru, a je a duba. Yara suna bin mu da gudu, mata suna leƙe ta kan katanga. Wata rana wata baiwar Allah ta tare Sarki a hanya za ta ba shi sadaka. Ya gode mata da kyau, ya yi mata addu'a, ya ce, “Hajiya, aje ma wani, mu aiki muka zuwa, mun ma makara.” Muka yi ta maimaita maganar nan har gona, muna dariya kamar waɗanda suka sha wani abu. Ban taɓa jin daɗin zama abin da nake ba kamar a ranin nan. Da in na shiga taro sai in ji ana Allah sarki, yanzu sai in ji ana a ba shi hanya.

Alkama ta yi kyau, aka girbe, kowannenmu ya koma gida da rabonsa. Inna ta yi alkaki da taliya ta raba wa unguwa, tana gaya wa duk wanda ya karɓa daga hannun wa ruwan ya fito. Baba kuwa, duk ranin nan ko sau ɗaya bai ce sannu ba, bai kuma sake taɓa bututu ba. Gari duka yana kirana, amma mutum ɗayan da nake jira ya yi gum. Na fara gaya wa kaina in haƙura, kuma na kasa.

Da kaka ta wuce malamin gona ya dawo da littafinsa don rubutun sabon rani. Ina bakin ƙofa a wurina na kullum, na yi kamar igiyar jaka ce ta dame ni. Aka yi gaisuwa, doguwa kamar ta bara. Ya buɗe littafi ya duba.

Ya ce, “Baba, uku ne dai kamar yadda aka rubuta?”

Baba ya ce, “Wa ac ce maka uku?”

“Kai ka faɗa, Baba. Ga shi nan.”

“To goge. Huɗu na.” Ya nuna ni da haɓa. “Kuma wanga za ka soma rubutawa. Waɗancan ukun iska sunka iya, irin ubansu.”

Malamin ya tambayi sunana. Baba bai ce Auta ba. Ya faɗi sunana na yanka, ya ɗora nasa a baya, a hankali, don kada alƙalami ya yi kuskure. Na so in yi wata maganar ban dariya kamar yadda na saba, bakin nan nawa da ba ya zama banza ya ƙi buɗuwa. Na sa takalman hannu na zagaya bayan mahauta, na zauna gindin rijiya na yi kuka sosai, ƙudaje suna kallona.

Ina nan ina share fuska sai na ga dugadugan da na fi sani a duniya sun tsaya a gabana. Baba ne, riƙe da tsohon bututun makarantarmu. Ya waiga dama da hagu ya ga ba kowa. Ya tattare riga, ya zauna a ƙasa daɓas, cikin danshin wankin hanji, har fuskarsa ta zo daidai tawa. Ban taɓa ganin idanunsa kusa haka ba, ashe akwai wani ɗan tabo a girarsa ta hagu.

Ya ce, “To, malam. Gwada min yadda kaka yi.”

Na jawo kwatarniya na cika ta da ruwa. Ya tsoma baki ɗaya a ciki, ya gyara zama, kuma kafin ya ankara ƙirjinsa ya cika, ɗaya bakin ya kama hanyar leɓensa. Na kai hannu na rufe shi da tafina.

Na ce, “Baba, ba a hurawa.”

Ya dubi hannuna, ya dube ni, ya saki numfashin a hankali. Ya ce, “To riƙa min hannu, ɗana, mu soma daga farko.”